Iyakar Makaranta da Farashin Gida: Darasi Daga Birnin Detroit

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, shugaban makaranta, malamanmu kuma iyayenmu waɗanda suka sha wahalarmu muna ƙanana, yayyenmu da ƙannenmu tsofaffin ɗalibai, jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, ko da yake akwai waɗanda suka fi ni cancanta a zauren nan.

Batun da aka ɗora mini shi ne dangantakar da ke tsakanin makaranta da farashin gida. Wani zai ce, to, me ya haɗa kifi da kaska? Makaranta wurin karatu ce, gida kuwa harkar dillalai ce da magina. Amma akwai ƙasashen da in mutum ya je sayen gida, kafin ya tambayi yawan ɗakuna ko girman tsakar gida, abin da zai fara tambaya shi ne, wace makaranta 'ya'yan gidan nan suke zuwa? Amurka tana cikin ƙasashen da ke da wannan al'ada, saboda haka can zan kai ku, zuwa birnin Detroit da maƙwabtansa a jihar Michigan. In mun gama sai mu dawo gida mu ga abin da ya shafe mu.

Yadda tsarin yake

A Amurka ba ma'aikatar ilmi guda ce ke riƙe da makarantun gwamnati ba. An yanyanka ƙasar gunduma-gunduma, kowace gunduma da hukumar makarantunta wadda mazauna wurin suke zaɓa, kuma gundumomin nan sun kai wajen 13,000. Yaro ba ya biyan kuɗin makaranta tun daga firamare har ya gama sakandare. Sai dai akwai sharaɗi guda: a mafi yawan wurare makarantar da za a ɗauke shi ita ce ta gundumar da gidan iyayensa yake. Adireshin gida shi ne takardar shiga.

Sa'an nan ga batun kuɗi. Abin da ake kashewa a makarantun gwamnati a ƙasar, wajen kashi 45 cikin 100 daga cikin gundumar yake fitowa, galibi daga harajin gidaje da filaye. Gwamnatin jiha tana ba da kwatankwacin haka, ta tarayya kuwa ba ta cika wuce kashi 10 ba. Harajin gida kuma bisa darajar gidan ake yanka shi. A ƙaddara gundumomi biyu duk suna karɓar kashi 1 cikin 100 na darajar gida kowace shekara. A ta farko gida ya kai dala 400,000, a ta biyu dala 80,000. Ta farko za ta sami dala 4,000 daga kowane gida, ta biyu dala 800. Kafin ta biyu ta kamo ta farko sai ta ninka wa talakawanta haraji sau biyar.

Daga nan abin yake zama zobe. Gidaje masu tsada suna kawo haraji mai yawa, haraji ya gina makaranta mai kyau ya riƙe ƙwararrun malamai, makaranta mai kyau ta jawo iyaye masu hali, su kuma su yi ta rige-rigen sayen gida, farashi ya ƙara hawa. A ɗaya gefen iyakar kuwa zoben nan juyawa yake da baya. Wani masanin tattalin arziki mai suna Wallace Oates ya nuna haka tun 1969, da ya duba garuruwan jihar New Jersey ya ga cewa inda aka fi kashe kuɗi a kan kowane ɗalibi, gidajen wurin sun fi daraja.

Titi guda, duniya biyu

Detroit ita ce cibiyar ƙera motoci ta Amurka, mazaunin Ford da General Motors da Chrysler ita da kewayenta. A ƙidayar 1950 mutanenta sun kai wajen miliyan 1.85. A ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba. Masana'antu sun ragu, fararen fata da masu hali sun koma bayan gari, har a 2013 birnin ya shiga kotu ya ce ya kasa biyan basussukansa. Makarantun gwamnatinsa da suka taɓa ɗaukar ɗalibai kusan 300,000 a shekarun 1960, suka dawo wajen 50,000.

A gabas da birnin, a bakin tafkin St. Clair, akwai wasu ƙananan garuruwa biyar da ake kira Grosse Pointe, suna da gundumar makarantu guda, wadda ta daɗe tana cikin waɗanda ake yabo a jihar. Iyakar Detroit da na farkonsu, watau Grosse Pointe Park, tana bin gefen wani titi da ake kira Alter. Babu kogi, babu dutse. Mutum zai tsallaka da ƙafa cikin minti guda. Amma a 2020 matsakaicin gida a Detroit bai kai dala 100,000 ba, alhali na Grosse Pointe Park ya haura dala 300,000. A 2016 wata ƙungiyar bincike mai suna EdBuild ta auna iyakokin gundumomin makarantu na ƙasar duka, ta ce babu iyakar da ta raba mai shi da marar shi kamar wannan: a gefen Detroit kusan rabin yara 'yan makaranta talauci ya yi musu katutu, a gefen Grosse Pointe kuwa ba su kai kashi 7 cikin 100 ba.

To, mai hankali zai ce ai ba makaranta kaɗai ta jawo wannan ba. Gaskiya ne. Garuruwan daban suke, 'yan sandansu daban, kwasar shararsu daban, kuɗin inshora ma daban. Saboda haka ga misalin da ya fi fitar da abin fili. Kusa da nan akwai wani ɗan gari mai suna Harper Woods, mutanensa wajen 15,000. Magajin gari ɗaya ne, 'yan sanda ɗaya, 'yan kwana-kwana ɗaya. Amma iyakar makarantu ta ratsa ta cikinsa: wani yanki yana cikin gundumar Grosse Pointe, sauran kuma yana da tasa gundumar. Dillalan gidaje na wurin, in gida ya faɗo a yankin farko, sukan sa wannan a gaba cikin talla, tun kafin su ambaci ɗaki ko garejin mota. Sun san abin da mai saye yake nema, kuma sun san zai ƙara kuɗi a kansa.

Nawa ne kuɗin iyaka?

Masana sun yi ƙoƙarin ware rabon makaranta daga rabon unguwa. Wadda ta fi shahara a nan ita ce Sandra Black, wadda ta wallafa bincikenta a 1999. Dabararta mai sauƙi ce. Ta ɗauki garuruwan da ke kewayen Boston a jihar Massachusetts, ta kwatanta gidajen da suke dab da juna, gari ɗaya, haraji ɗaya, kusan unguwa ɗaya, abin da ya raba su kawai shi ne 'ya'yan wannan gefe suna zuwa wata firamare, na wancan gefe suna zuwa wata. Ta gano cewa in sakamakon jarrabawar wata makaranta ya fi na maƙwabciyarta da kashi 5 cikin 100, iyaye sukan yarda su ƙara wajen kashi 2.5 a kan kuɗin gida. A gidan dala 300,000 wannan dala 7,500 ke nan. Ta kuma nuna cewa wannan kusan rabi ne na abin da ake zato in an yi kwatance sama-sama, domin sauran bambancin na unguwar ne kanta.

Wannan yana koya mana abu biyu. Na farko, kuɗin iyaka gaskiya ne, ana iya auna shi. Na biyu, abin da mai saye yake biya ba allo da malami kaɗai ba ne. Yana sayen abokan da ɗansa zai zauna da su a aji, da iyayen da za su cika taron iyaye da malamai, da sunan da makarantar ta yi.

Shi ya sa gyaran da Michigan ta yi a 1994 bai kashe maganar ba. A shekarar masu zaɓe suka amince a rage dogaro da harajin gida wajen tafiyar da makarantu, aka ɗaga harajin ciniki daga kashi 4 zuwa kashi 6 cikin 100, jiha ta riƙa raba kuɗi bisa yawan ɗalibai. Tazarar ta ragu ƙwarai. Amma an bar gundumomi masu hali, har da Grosse Pointe, su ci gaba da karɓar ɗan ƙari daga mazaunansu, kuma gine-gine da gyaransu aka bar su a kan harajin gida kamar da. A farkon 2016 malaman Detroit suka yi ta ƙin zuwa aiki da sunan rashin lafiya, don su nuna wa duniya azuzuwan da rufi ke yoyo, bango ya yi funfuna, ɓeraye suna yawo. A shekarar ce majalisar jiha ta ware dala miliyan 617 ta sake wa gundumar fasali.

Wa ya ja layin?

Jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Iyakar nan tana da tarihi. Har zuwa 1960, lokacin da asiri ya tonu, dillalai da masu gidajen Grosse Pointe suna da wani tsarin ba da maki ga duk mai son sayen gida. Akan sa a binciko asalin mutum, da launin fatarsa, da lafazin bakinsa, da irin tufafinsa. Bayahude sai ya sami maki fiye da na kowa kafin a sayar masa, baƙar fata da mutanen Asiya kuwa ba a ma sa su a lissafi. Sai a 1968 dokar tarayya ta haramta wariya a sayar da gida ko ba da haya.

Tun 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun farare da na baƙaƙe. Amma a Detroit rabuwar ta ci gaba ta hanyar unguwanni. A 1970 ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta kai ƙara, alƙali Stephen Roth ya tabbatar cewa hukumomi suna da hannu a wariyar. Da ya ga birnin ba shi da isassun yara farare da za a cakuɗa, sai a 1972 ya ba da umarni a haɗa da gundumomi 53 na bayan gari, a riƙa kai yara da motoci daga nan zuwa can. Gundumar Grosse Pointe tana cikin waɗanda suka ɗaukaka ƙara. A watan Yulin 1974, a shari'ar da ake kira Milliken da Bradley, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, Kotun Ƙoli ta soke umarnin, ta ce ba za a tsallaka iyakar gunduma ba sai an tabbatar cewa ita ma gundumar ta waje ta yi laifi. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun, ya ƙi amincewa, ya yi gargaɗin cewa hukuncin zai bar manyan birane a rabe gida biyu.

Ku dubi abin da hukuncin ya faɗa wa mai neman gida: in ka tsallaka layin nan ka sayi gida, babu kotun da za ta biyo ka. Tun daga ranar layin ya zama kadara mai garanti.

Mai kadara kuwa gadinta yake yi. Wanda ya ci bashin banki na shekara 30 ya sayi gida da tsada saboda makaranta, in aka ce za a matsar da iyaka ko a buɗe ƙofa ga yaran waje, ba tarbiyyar ɗansa kaɗai yake tunani ba, yana tunanin dukiyarsa. A 1996 Michigan ta ba gundumomi izinin karɓar yara daga wajen iyakarsu in sun ga dama. Da yawa sun karɓa, Grosse Pointe kuwa ta ƙi, ta shafe shekaru a kan haka, tana kuma bin diddigin ɗalibai don gano masu adireshin aro. Da yara suka ragu, a 2020 ta rufe firamare biyu, ɗaya daga ciki ita ce wadda ke Harper Woods, wadda ta fi sauran yawan yara baƙaƙe da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. A maƙwabciyar jihar Ohio ma, a 2011 an ɗaure wata uwa kwana tara a kurkuku a birnin Akron, saboda ta yi amfani da adireshin mahaifinta ta sa 'ya'yanta mata biyu a gundumar da ta fi tata. A ƙasar da karatu yake kyauta, an tuhumi uwa da laifi a kan neman kujerar aji.

Abin da nake so mu riƙe shi ne wannan: makarantar da ake cewa kyauta ce, in ta fi ta maƙwabta, ba ta zama kyauta. Kuɗinta yana nan, an dai cire shi daga ofishin ma'ajin makaranta an kai shi teburin dillali. An ba ka da dama, an karɓe da hagu.

Mu dawo gida

A Nijeriya ba mu da irin wannan layi. Ba a tambayar lambar gida kafin a sa yaro a firamaren gwamnati. Layukanmu na asali ne: takardar shaidar ƙaramar hukuma, da kason jihohi a kwalejojin tarayya, da tsarin shiga jami'o'in tarayya inda ake ba cancanta kashi 45, yankin jami'a kashi 35, jihohin da aka bari baya a ilmi kashi 20. Waɗannan ba a sayensu da gida. To, ashe mun tsira ke nan?

Akwai wani bincike da zai amsa mana. A birnin Paris na Faransa ma adireshi ne ke zaɓa wa yaro makarantar gwamnati. Masana biyu, Gabrielle Fack da Julien Grenet, sun wallafa a 2010 cewa gidajen da ke yankin makarantu masu kyau sun fi tsada, amma a unguwannin da makarantu masu zaman kansu suka yi yawa wannan ƙarin yakan dushe. Dalili a bayyane yake: iyaye sun sami wata ƙofa, sun daina biyan dillali sun koma biyan mai makaranta. An gudu ba a tsira ba.

Wannan ita ce hanyar da muka bi. Kowa a zauren nan ya tambayi kansa, ina 'ya'yansa da jikokinsa suke karatu? Nawa yake biya kowane zango? Mu nawa ne muka canja unguwa, ko muka ƙi gida mai araha a bayan gari, saboda nisan makarantar yara da kuɗin mota? Duk wanda ya nemi haya a Samaru ta Zariya, ko fili kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan hanyar Gwarzo, ya san makaranta tana ɗaga darajar ƙasa a nan ma. Bambancinmu da Detroit shi ne su layinsu yana kan taswira, namu yana cikin aljihu.

Mu kuwa ba haka muka tashi ba, malamanmu ga su nan shaida ne. Jarrabawa muka ci aka kira mu. Ɗan hakimi da ɗan manomi, ɗan birni da wanda bai taɓa ganin fitilar lantarki ba, ɗakin kwana ɗaya, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Ba wanda ya tambayi darajar gidan ubanmu, da an tambaya da rabinmu ba mu zo nan ba. Makarantar kwana ta gwamnati ita ce ta share mana iyakar unguwa da ta ƙauye. In muka bari ta lalace, yaron da ke zaune yau a ƙauyen da muka fito ba shi da wata ƙofa, don ubansa ba zai iya biyan dillali ba, ba zai iya biyan mai makaranta ba.

Shawarwari

Ina roƙon izinin shugaba in ba da shawara huɗu.

Ta farko, ga 'yan'uwanmu da 'ya'yanmu mazauna Amurka da Ingila da makamantansu. Kafin mutum ya sa hannu a takardar sayen gida, ya je ofishin hukumar makarantu da kansa ya tabbatar da makarantar da adireshin yake bi, kada ya tsaya ga bakin dillali. Ya kuma sani ana iya matsar da iyaka ko a rufe makaranta, kamar yadda ya faru a Harper Woods.

Ta biyu, ƙungiya ta sa ɗakunan kwana da ɗakin girki da ruwan sha a sahun gaba na ayyukanta. Zane da fenti a bakin ƙofa suna da kyau, amma gado da abinci su ne ke ba yaron nesa damar zama.

Ta uku, kowane aji daga cikinmu ya ɗauki nauyin wasu firamaren karkara, ya biya wa yara masu ƙoƙari kuɗin jarrabawar shiga, ya saya wa waɗanda suka ci kayan makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan ba ya fi ƙarfinmu in mun haɗu.

Ta huɗu, lauyoyi da safiyoyin da ke cikinmu su duba takardun filin makaranta, a auna shi, a kafa duwatsun iyaka, a nemi shaidar mallaka. Gari ya cim ma makarantu da dama da a da suke daji, ƙasa ta yi daraja, kuma mun ga yadda filayen wasa da gonakin makarantu suke komawa kantuna da gidaje. Makaranta ce ta ba ƙasar kewayenta daraja, bai kamata darajar ta juyo ta cinye ta ba.

Daga ƙarshe, mutanen Detroit ba su fi mu son kai ba, mu ma ba mu fi su tausayi ba. Kowane uba a can yana nema wa ɗansa abin da ya fi ne, kamar yadda muke yi. Sai dai da kowa ya gudu da nasa, makarantar kowa da kowa ta zama ta marasa gata kaɗai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.